Gumbar da Ba a Ba Ni Ba

Na gode wa Allah da ya fito da mu daga wannan ciwo, ya kuma bar ni da hankalina har nake ba da labarinsa. Abin da ya sa na zauna rubutawa, bana na ga damina ta sake yin gardama, na kuma ji mata sun fara zancen share gindin rumbu. Kafin kowa ya ɗauki tsintsiya, ya ji abin da ya sami uwata.

Ni ce 'yar fari a wajen Iya. Duk wanda ya tashi a Birnin Damagaram ya san abin da wannan ke nufi. Uwa ba ta kiran sunan 'yar fari, ba ta yabonta, ba ta nuna ta damu da ita a gaban mutane. Kunya ce, haka aka ce, kuma na sani. Amma sanin bai taɓa sanyaya mini rai ba. Ana yaye ni aka kai ni wajen kaka, na dawo da wayona na tarar sunana a gidanmu "ke". In Iya tana maganata da wani kuma, "waccan". Sunana Zara, na doshi shekara arba'in ban taɓa jin sa a bakin wadda ta haife ni ba. Aisa kuwa, autarmu, sunanta har gajiya yake yi a bakin Iya. Aisa ta zo, Aisa ta tafi, Aisa ta yi atishawa. Ina kishinta tun tana goye, ban taɓa ɓoyewa ba, duk unguwa an san ni da shi. Abu ɗaya nake roƙo kafin mutuwa ta raba ni da Iya, in ji ta kira sunana ko sau ɗaya.

A shekarun fari ne abin ya faru, lokacin da ake raba jar dawa ta taimako. Damina ta yi yayyafi ta juya baya. Makiyaya suka cika bakin gari ba dabba ko ɗaya a bayansu. Mijina Malam Ari baduku ne, fata ta yi arha saboda dabbobi na ta mutuwa, amma wa zai sayi jaka ko takalmi cikinsa na kuka? Babanmu ya riga ya rasu, Iya tana zaune ita kaɗai a gidan gado, gida uku ne tsakaninmu. Ni nake bin layi a mangaza, inda ake rabon hatsin, tun sanyin safiya har rana ta take, in dawo in surfa, in daka, in tuƙa, in kai mata kwanonta kafin in zuba wa 'ya'yana. Ruwa ma ni nake saya mata wajen 'yan garuwa, kuma wanda ya san Damagaram ya san ruwa a nan ko a shekarar ƙoshi abin lallaɓawa ne. Sai ta buɗe kwanon ta taɓe baki ta ce, "Wannan ai abincin doki ne." Ta cinye dai, ta turo mini kwanon da ƙafa.

Aisa tana aure a Dogo, mijinta manomi. Wata ranar kasuwa sai ga ta da ɗan ƙulli a bakin zane, abin da bai cika tiya ba. Tana kwancewa Iya ta dafe ƙirji.

"Gero! Aisa ta kawo mini gero!"

Mun yi watanni ba mu ga ƙwayarsa ba, ni ma sai da yawuna ya tsinke. Na ce, "Ina kuka samo gero a wannan shekara?"

Ta ce, "Yaya, tsofaffin rumbunan gidanmu muka kwantar, muka share gindinsu. Har ramukan ɓeraye da ke ƙarƙashi aka tona. Ki ga abin da 'yan banza suka tara, mu muna kwana da yunwa."

Na leƙa. Geron ya dafe, ga baƙin kashin ɓera a ciki kamar an barbaɗa, ga wani zarni yana tashi. Na ce a wanke shi a dama kunu, kowa ya sami kurɓi. Ba wani ilimi ne ya sa na faɗa ba, so nake 'ya'yana su ɗanɗana, ni ma in ɗanɗana.

Iya ta harare ni ta gefen ido, ta ce wa Aisa, "Ji waccan. A narkar da geronki a ruwa? Gumba zan yi."

Da kanta ta zauna ta bakace shi, ta tsince kashin da yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Ta surfa, ta ɗauraye da ruwan da bai wuce moɗa guda ba, don ba ta yarda a yi mata ɓarnar ruwa. Ta kirɓa shi da ɗan sukarin da ta daɗe tana ɓoyo. Gumba dai kowa ya sani ɗanya ce, wuta ba ta ganinta. Ta dunƙule ta sa a kwano mai murfi ta tura ƙarƙashin gado. Kullum sai ta gutsuri kaɗan ta tsotsa, duk wadda ta shigo gaishe ta sai ta ji cewa Aisa ce ta kawo. Ni da nake kawo tuwo safe da yamma ko ƙamshin ba a ce in sheƙa ba. Ranar na koma gida na sauke fushina a kan Malam Ari, bawan Allah bai san hawa ba bai san sauka ba.

Bayan kamar mako biyu Iya ta ce jikinta ba daɗi. Zazzaɓi ne a hankali, da ciwon kai, da kasala. Na kai ta ɗakin shan magani na unguwa. Layin ya fito har titi, yawanci matan da fari ya koro ne da yara masu ƙyanda. Muka wuni. Majo, wato babban ma'aikacin wurin, ya taɓa goshinta ya ce zazzaɓin sauro ne, ya ba mu kinin. Ban ga laifinsa ba, mutum ɗaya ne a kan jama'a kamar kasuwa. Sai dai a raina na ce, wane sauro a shekarar da ko kwaɗo bai yi kuka ba?

Ta sha kinin har kunnenta ya yi ƙara, zazzaɓin ko gezau. Maƙogwaro ya kama, ruwa ma da ƙyar yake wucewa. Ta ce ƙirjinta kamar an ɗora turmi.

A mako na biyu na ciwon dangi suka shigo da iliminsu. Shugabarsu Inna Fanna, ƙanwar Iya, mace mai murya ɗaya da ba a musa mata. Ta ce shawara ce, aka dafa saiwoyi. Wata ta ce iska ce, aka turara ɗaki har ni mai lafiya na rasa numfashi. Aka karɓo rubutu, wannan kam ban hana ba, sai dai Iya tana sha tana amayarwa. Kowa ya ba da shawararsa ya shafa fatiha ya tafi gida, ni ce mai kwashe amai da wankin zane, a garin da ake auna ruwa kamar mai. Fuskarta ta kumbura, idanunta suka yi ja. In zafin ya hau kanta, kalma ɗaya ce a bakinta.

"Aisa. Ina Aisa? A kira mini Aisa."

Ina riƙe da kanta a cinyata take faɗin haka. Na ba wani direban kamyo, babbar motar kaya, saƙo zuwa Dogo, ina bayarwa ina cizon leɓe.

Kafin Aisa ta iso, Inna Fanna ta yanke cewa mugun jini ne ya taru a kai, sai an yi ƙaho. Ta aika aka kira wanzamin gidanmu, dattijo ne, shi ya yi wa dukanmu aski ranar suna. Ya kafa ƙaho a ƙeyar Iya, ya tsaga, ya zuƙa, ya zubar. Ya cire ƙahon ya goge wurin, jini ya sake tsattsafowa. Ya goge, ya sake fitowa. Ya sa garin magani, jinin ya wanke shi. Tsagar da ba ta kai ƙwayar shinkafa ba ta jiƙa ɗankwali, ta jiƙa matashi. Na danne da gefen zanena, ina dannewa na ga dasashinta ma yana jini.

Wanzamin ya tattara zabirarsa, ya ce wa Inna Fanna, "Hajiya, tun da na gaji aska ban ga jinin da ya ƙi tsayawa haka ba. Ku kai ta likita. Wannan ba aikina ba ne."

Malam Ari ya roƙi wani maƙwabci mai mota, aka shimfiɗa ta a baya. A asibiti muka sami wuri a baranda, don ɗakuna sun cika. Muna nan sai ga Aisa ta faɗo da kuka tun daga ƙofa. Ta zube a kan Iya tana "Wayyo uwata, wayyo Iyata," Iya ta ɗaga hannun da tun safe ba ta iya ɗagawa ba ta shafa kanta. Matan da ke baranda suka yi ta cewa, "Allah sarki, ga 'ya mai tausayi." Ni ina tsaye a gefe da tasar amai, zanena ya bushe da jini, wata ma ta tambaye ni ko 'yar aikin gidan ce ni.

Da la'asar lokotoro, babban likitan asibitin, ya iso kanmu. Siriri ne mai tabarau, ba ɗan garin nan ba, Hausarsa ta koyo ce amma tana fita. Ya duba maƙogwaron Iya, ya duba ƙeyar, ya ja da baya kaɗan. Ya aika aka kawo masa safar hannu kafin ya sake taɓa ta. Ya yi tambayoyi da yawa, sannan ya ce, "Bon. Akwai ɓera a gidan? Ta taɓa ɓera, ko ta ci abin da ɓera ya yi fitsari a kai?"

Inna Fanna ta gyara mayafi. "Subhanallahi! Lokotoro, mu Barebarin Birni ne. Yunwa ba ta kai mu cin ɓera ba."

Aisa ta sunkuyar da kai. Iya ta lumshe ido. Kowa ya san da geron, ba wanda ya motsa, don a gidan mutunci ba a faɗa a gaban baƙo cewa an ci abin da aka ƙwato a ramin ɓera. Na duba fuskar uwata da ta kumbura har ba a gane ta, na buɗe baki na faɗi komai, rumbu, rami, kashi, zarni.

"Dafawa aka yi?" in ji shi.

Na ce, "Gumba ta yi. Ɗanya."

Kafin ya ce wani abu Inna Fanna ta taso mini. "Kishi zai kashe ki, Zara! Uwarku na kwance rai a hannun Allah, ke abin da ya dame ki ki shafa wa yarinya baƙin jini? Don ba a ba ki ba?"

Aisa ta fashe da sabon kuka. "Yaya, ni zan kashe Iya? Ni?"

Iya ta juyar da fuskarta bango. Wannan juyawar ta fi zagin Inna Fanna ciwo. Abin haushin, ba ni da bakin kare kaina. Wadda aka sani da kishi shekara da shekaru, ranar da ta faɗi gaskiya ma kishi ake ji.

Lokotoro ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya ce ba zai rantse ba, don ba su da abin gwada jinin a nan, sai an aika nesa. Amma ya taɓa ganin irin wannan lokacin da ya yi aiki a kudu, ciwo ne da ba a cika gani ba, ana ce masa Lasa, sunan wani gari a ƙasar Barno. Wani irin ɓera ne ke ɗauke da shi a fitsarinsa da kashinsa, shi ɓeran lafiyarsa lau. Ya tambayi Aisa ko wani ya kwanta a gidansu, ta ce ɗanta ya yi zazzaɓi ya tashi. Ya ce haka yake, da yawa yana shafarsu ya wuce, wanda ya kama da gaske kuma sai addu'a. Ba shi da maganin da zai kashe shi, sai ƙarin ruwa da kulawa. Kuma yana bin jini da amai da fitsarin mara lafiya ya kama mai jinya. Ya sa aka je aka nemo wanzami.

Sai ya faɗi kalmar da har yau in na ji ta gabana ke faɗuwa: karantin. Za a kai Iya wani ɗaki a can ƙarshen asibiti, ba shiga ba fita. Ma'aikata ba su isa ba, don haka mutum ɗaya daga dangi zai zauna da ita, kuma wanda ya shiga ba zai koma gida ba sai an ga ƙarshen abin. Bai ɓoye mana ba, ya ce mai shiga yana iya kamuwa.

Aisa ta share hawaye ta ce, "Ni zan zauna." Ban hana ta wannan ba, ta faɗa, kuma na ga da gaske take.

Iya ta juyo da ƙyar. Muryarta kamar ana jan tsumma a ƙasa. "Aisa ta fita. A bar waccan."

Ni ma ina da 'ya'ya huɗu, ƙaramin bai daɗe da yaye ba. Ba wanda ya tuna. A take na fassara maganar yadda zuciyata ta ba ni: akwai 'yar da ake adanawa, akwai wadda in ta tafi ba a yi asara ba. Na juya na ce wa Inna Fanna, "Kin ji ko? Gumba ta Aisa, mutuwa tawa." Na ɗauki tabarma da buta na bi bayan gadon.

Ɗakin yana da taga ɗaya mai ƙarfe. Majon da ke kula da ɓangaren, wani baƙin mutum mai haƙuri, Allah ya saka masa da alheri duk inda yake, shi ya koya mini sa safar hannu da ɗaure hanci da ƙyalle. Komai sai an jiƙa a ruwan jabel mai kashe cuta kafin a wanke, har hannuwana suka tsattsage duk da safar. Bokitin ruwa ɗaya ake ba kowane ɗaki, shi yake ɗauko mini na biyu daga nasu. Sarum kuwa, ruwan da ake ƙara mata ta jijiya, na asibiti ya ƙare, sai a rubuta a sayo a gari. Malam Ari ya sayar da jajayen fatunsa da ya daɗe yana tattali, sannan ya bi da tasoshin aurena. Bai taɓa yi mini gori ba. Ta taga yake miƙo abinci a bakin sanda, ya tsaya nesa ya ce yara suna gaishe ni. Daga baya na ji cewa maƙwabta sun hana 'ya'yansu wasa da nawa, 'yan garuwa kuma sun daina shiga gidanmu. Dangin da suka cika ɗaki da turare da saiwoyi, tun da aka ambaci karantin ƙafarsu ta ɗauke. Wanzami ya kwanta 'yan kwanaki ya tashi, daga nan ko a hanya muka haɗu sai ya canza gefe.

Aisa kam ba ta ɗauke ƙafa ba. Kullum da hantsi tana bakin taga da muryarta mai zaƙi. "Iyata, kin ji sauƙi? Iyata, Aisarki ce." Hannuwana suna ƙarƙashin Iya ina juya ta, ina goge mata baya, idanunta kuma suna taga. Na yi mata abin da ban taɓa zaton 'ya za ta yi wa uwa ba, na ga abin da bai kamata in gani ba na rufe. Wata rana haƙurina ya ƙare na ce, "Iya, ni ce fa a nan. Ni ce nake wanke ki."

Ta ce, "Ke, gyara mini matashi."

Na gyara.

A mako na uku abin ya kai inda ya kai. Ta daina magana, ta daina buɗe ido, wuyanta ya kumbura ya haɗe da haɓa. Lokotoro ya tsaya a ƙofa ya ce mini in yi haƙuri, in sanar da maza su zauna da shiri. Kowace safiya nakan haɗiyi yawu in ji ko maƙogwarona ya fara, in taɓa goshina. Tsoro nake ji ƙwarai, amma haushi ya fi tsoron yawa. Da tsakar rana, ba kowa a taga, na durƙusa a kanta na yi mata faɗan da ban taɓa yi ba. Na ce, "Kada ki kuskura ki mutu yanzu. Kin ajiye ni a nan kamar tsumma, ba ki taɓa ce mini sannu ba, sunana ma ba ki sani ba ko? In kika tafi haka ban yafe ba." Na faɗa, na yi kuka, sannan na tashi na ɗiga mata ruwa a baki da cokali, don lokacinsa ya yi.

Ko ta ji ko ba ta ji ba, Allah ya sani. Bayan 'yan kwanaki zufa ta karyo mata, zazzaɓin ya fara sauka. Jinin dasashi ya tsaya, kumburin ya saɓe. Ta buɗe ido ta ce tana son kunu. Majo ya yi dariya har da tafi, ya ce tsohuwar nan ƙashinta na da ne.

Murnar ba ta daɗe ba na lura da wani abu. Aisa ta zo taga ta yi ta kira, Iya ba ta waiwaya ba. Na ɗauka gajiya ce. Da rana tasa ta suɓuce mini ta faɗi a siminti, ƙarar har majo ya leƙo, Iya ko ƙyafta ido ba ta yi ba. Lokotoro ya tafa hannu a bayan kanta, dama da hagu. Ya ce wannan ciwo haka yake yi wa wasu, in zai tafi sai ya tafi da kunne. Yana iya dawowa, yana iya ƙin dawowa. Na Iya bai dawo ba.

Abin da na fara ji, daɗi ne, kuma ba zan ce ba haka ba. Na ce to, muryar zuma ta tashi aiki, yanzu sai a ga mai hannu. Amma kafin yamma daɗin ya koma ciki. Na yi niyya in ta warke in zaunar da ita in tambaye ta dalilin da ya sa ta zaɓe ni, ko da za ta zage ni. Yanzu ba hanyar tambaya. Iya ba ta yi lakwal ba, wato boko, balle in rubuta mata.

Aka tsare ni wasu kwanaki ana duba ni, Allah ya tsare, ban kamu ba. Muka koma gida. Muka ƙone katifarta da tabarma, ragowar gumbar da muka tarar ta yi fumfuna a ƙarƙashin gado Malam Ari ya haƙa rami ya binne har da kwanon. Jinin da aka aika nesa, ko amsa ta dawo mu dai ba mu ji ba. Inna Fanna ba ta taɓa ce mini na yi gaskiya ba, sai dai na ji ta a gidan suna tana gargaɗin mata a kan ɓera kamar ita ta gano abin.

To ga nawa gargaɗin, ni da na kwana a ɗakin. Na san yunwa, ba zan ce wa mai yunwa ya zubar da hatsi ba. Amma abin da ɓera ya kwana a kai, kada a tsince shi da hannu tsirara, kada a ci shi ɗanye, a ba wuta haƙƙinta har ya nuna. Zazzaɓin da ya ƙi jin kinin ya haɗa da ciwon maƙogwaro, kada a kira wanzami, a tafi likita. In lokotoro ya yi tambaya kuma a gaya masa gaskiya, ko da za a ce gidanku ya ji kunya.

Kurumta ta zo wa Iya da wani hali. Tun da ba ta jin muryarta, ba ta san ƙarfinta ba. In ta ce a miƙo mata buta, sai an ji a zaure. Mun yi ta yi mata alama da hannu ta rage, ba ta gane ba, muka ƙyale ta.

Wata ranar Juma'a bayan la'asar, Inna Fanna ta zo duba ta, suna cikin ɗaki. Ni ina tsakar gida ina surfen dawa, Aisa ta zo daga Dogo tana zaune a bakin rijiyar da ta ƙafe tana tsefe kai. Sai muka ji muryar Iya kamar mai shela.

"Fanna, matso in gaya miki a kunne, kada waccan ta ji."

Na tsayar da taɓarya.

"Na ga fuskarku ranar nan a likita. Kun ce na yi son kai, na tsame Aisa na jefa waccan. Ba ku san komai ba. Aisa kuka ta iya. Da ita na bari, da ta yi ta kuka a kaina har in mutu cikin ƙazantata."

Na ji Inna Fanna tana "Yaya, ana jinki, Yaya," ta manta da wa take magana.

"Na ga mutuwa da idona, Fanna. Tsoro ya kama ni irin na yaro. Na ce in tafiyar ce, a hannun wa zan tafi? Wa zai rufe ni ba a ga tsiraicina ba? Zara. Bakinta kamar barkono, halin ubanta ne, amma ba ta saki. Zara ce. Tun tana ciki ban da kamarta. Kada ki gaya mata."

Na dubi Aisa. Ta daina tsifar, tsinken yana hannunta, ta kafe ni da wani kallo. Na san kallon nan sarai, shekara talatin ina yi mata shi.

Ƙafafuna suka ɗauke ni har ƙofar ɗakin, hannuna duk dusa. Iya ta ba ƙofa baya, bakinta a kunnen ƙanwarta. Na ce, "Na'am, Iya." Na sake faɗa da ƙarfi, har maƙwabta suka ji.

Ba ta waiwayo ba.